Tambaya da Amsa: Gasar Lissafa Halittun da Ke Kewaye da Gida

Wasiƙun da muka ware a wannan fitowa sun taru a kan abu guda: gasar nan da mutum yake shata wa kansa iyaka a kewayen gidansa, ya ɗauki wata guda ko shekara guda yana rubuta kowane nau'in tsuntsu, ƙwaro, tsiro da dabbar da ya ci karo da su a cikinta. Mun taƙaita tambayoyin, waɗanda suka yi kama da juna kuma mun haɗe su.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu biyar ne, muna son farawa ranar 1 ga Janairu, amma mun kasa daidaitawa a kan iyaka. Wasu sun ce kilomita 1 daga ƙofar gida, wasu sun dage sai 10. Wanne ya fi? (Daga wani ɗalibin jami'a)

AMSA: Wa'alaikumus salam. Kafin gardama ta yi nisa, ku duba lissafin filin. Da'irar da tazararta daga tsakiya zuwa gefe ta kai kilomita 1, faɗinta murabba'in kilomita 3 ne da ɗan ɗoriya. Ta kilomita 2 ta haura murabba'i 12, ta kilomita 5 ta kusa 79, ta kilomita 10 kuwa 314. Duk lokacin da aka ninka tazarar sau biyu, filin sau huɗu yake ninkuwa. Ba wanda zai taka murabba'in kilomita 314 ya san lungunansa a shekara ɗaya.

Masu kallon tsuntsaye a Amurka sun saba da da'irar mil 5, wato kimanin kilomita 8. Ta dace da su domin tsuntsaye kaɗai suke nema. Idan ku ma haka ne, kilomita 5 ta wadatar. Idan kuwa kowace halitta za ku lissafa, har da ƙwari da ciyayi, shawararmu kilomita 1. Abin da ke cika jeri shi ne komawa wuri ɗaya a kai a kai. Kududdufin da kake bi ta gefensa kowane mako zai nuna maka abin da mai zuwa sau ɗaya ba zai taɓa gani ba, kamar baƙon tsuntsun da ya sauka kwana biyu ya wuce, ko tsiron da furensa ba ya wuce mako guda a buɗe.

A miƙe ake aunawa a kan taswira, ba ta bin titi ba. Google Maps yana da ma'aunin tazara. Ku dasa alama a ƙofar gida, ku ja layi zuwa kusurwoyi takwas, ku rubuta abin da ke bakin iyaka a kowace kusurwa: gada, mararraba, wata doguwar bishiya. Daga nan ku yi wa wuraren da suka bambanta alama a cikin da'irar, musamman inda ruwa yake kwanciya, inda tsofaffin itatuwa suke, fili mai ciyawa, da kangon da ba a sharewa.

Sai batun adalci. Idan kowa ya shata tasa da'irar, wanda gidansa ke bakin kogi ya cinye gasar tun ba a fara ba. Ko dai ku haɗu a da'ira ɗaya, ko kuwa kowa ya riƙe tasa ya yi gasa da kansa, jerin bana ya zama ma'aunin na baɗi. Kome kuka zaɓa, ku rubuta ƙa'idojin kafin ranar farko. Dokar da aka kafa a tsakiyar gasa, bayan an ga wa za ta amfana, ita ce take raba abokai.

TAMBAYA: A tsakiyar birni nake, tsakar gidanmu ƙarama ce, bishiya ɗaya ce a cikinta. Ban da ƙadangaru da tattabaru me zan gani? Anya ba ɓata lokaci ba ne? (Daga wata matar aure)

AMSA: Ba ɓata lokaci ba ne, Hajiya. Wata masaniyar halittu, Jennifer Owen, ta yi shekara 30, daga 1972 zuwa 2001, tana lissafa abin da ke lambun gidanta a birnin Leicester na ƙasar Ingila. Lambun bai kai murabba'in mita 750 ba, amma ta samu nau'i 2,673, kusan 2,000 daga ciki ƙwari ne. A birnin Brisbane na Ostareliya kuma, wasu masu bincike uku da zaman kulle na 2020 ya tsare a gida ɗaya sun lissafa nau'i 1,150 cikin shekara guda, a ɗakunansu da tsakar gidansu. Daga ciki 436 malam-buɗe-littafi ne da danginsu na dare, wato faɗa-wuta.

Ki lura da inda yawan yake. Tsuntsaye da dabbobi masu ƙashin baya kaɗan ne a jerin biyu. Ƙananan halittu ne suka cika su. Saboda haka ki fara da bishiyar nan. Ki duba ɓawonta, ƙarƙashin ganyenta, furenta idan ta yi, da busasshen ganyen da ya taru a gindinta. Ki leƙa bayan tukwanen fure, bakin magudanar ruwa, kusurwar rufi inda gizo-gizo ke saƙa, da bangon da fitila ke haskawa da dare. Minti 15 safe da yamma ya isa a fara.

TAMBAYA: Me ake ƙirgawa, me ba a ƙirgawa? Wani a cikinmu ya saka kajin gidansu da furannin da ya shuka. Wani kuma ya tsinci gashin mujiya ya ce ta shiga jerinsa. (Daga wani mai karatu)

AMSA: Malam, tushen dokar shi ne halittar ta kasance ita ta kawo kanta wurin. Kaji, awaki, akun keji da furen da aka dasa a tukunya ba sa shiga. Ciyawar da ta fito a tukunyar ba da sanin mai ita ba ta shiga, haka ma tsutsar da ke cin furen, da ƙwarƙwatar da ke jikin kazar. Bishiyar da aka dasa a gefen titi ba ta shiga, amma ɗanta da ya tsiro da kansa daga iri a ƙarƙashinta ya shiga. Tattabarun da ke kwana a akurkin wani ba sa shiga. Waɗanda suka daɗe da komawa zaman kansu a rufin gine-gine, suna ƙyanƙyasa ba mai ba su abinci, yawanci akan karɓe su.

Batun gashin mujiya ya dogara da tsarin da kuka bi. Masu lissafin tsuntsaye zalla suna sharɗanta cewa tsuntsun ya kasance da rai, ba na kiwo ba, ba kuma a ɗaure ko a keji ba lokacin da aka same shi. A wurinsu gashi ba ya isa. Manhajar iNaturalist kuwa, wadda ake ɗora hotunan halittu a kanta don wasu su tantance su, tana karɓar duk wata alamar da halitta ta bari: gashi, sawu, kashi, saɓar maciji, bawon dodon-koɗi, har da gawa. A gasar kowace-halitta mun fi son a karɓi alama, da sharaɗin a iya tantance nau'in daga gare ta, sannan ba wani ne ya ɗauko ta daga nesa ba.

Akwai wata doka da ake yawan mantawa: shirwar da ka hango daga cikin iyaka alhali ita tana shawagi a waje, ta shiga? Al'adar masu jerin tsakar gida ita ce inda mai kallo ya tsaya ake dubawa, ba inda tsuntsu yake ba. Wannan ya fi sauƙin aiki, domin ba mai iya auna inda iyaka ta ratsa a sararin sama.

TAMBAYA: Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ashe tsuntsun da aka ji kukansa ba a gan shi ba bai kamata a rubuta ba ke nan? Kuma ina da manhajar da ke faɗa mini sunan tsuntsu daga kukansa, zan iya dogara da ita? (Daga wani dattijo mai ritaya)

AMSA: Ranku ya daɗe, a wannan fage ji yana da matsayinsa. Mujiya, kwaɗi da gyare an fi jin su a kan ganin su, kuma akwai tsuntsayen da kamanninsu ya yi kusa sosai har kukan ne ya fi raba su. Ana rubuta wanda aka ji, a sa alamar cewa ji aka yi, muddin mai rubutun ya san kukan da gaske.

Manhajar da kuke nufi mai yiwuwa Merlin ce, ta cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell, wadda aka ƙara wa sashen sauraren kuka a 2021. Abin da take bayarwa shawara ce. Ba ta san kukan dukkan nau'o'in duniya ba, kuma ta fi ƙwarewa a yankunan da aka tara mata sauti mai yawa. Idan ta ji kukan da ba ta sani ba, takan iya jingina shi ga wanda ya yi kama da shi. Ƙarar injin, fito, da tsuntsayen da ke kwaikwayon kukan wasu su ma suna ruɗa ta. Idan ta kawo sunan da ba ku taɓa gani a unguwar ba, kada ku rubuta tukuna. Ku naɗi sautin na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, kuna tsaye cik, waya a miƙe wajen da kukan ke fitowa, jikinku ya tare mata iska. A ƙarshen naɗin ku faɗi rana, lokaci da wuri da bakinku. Sannan ku nemi ganin mai kukan, ko ku ɗora sautin inda masana za su saurara.

TAMBAYA: Waɗanne kayan aiki nake buƙata? Kuma na ɗora hotuna da yawa a iNaturalist, an yi makonni ba wanda ya tantance su. Ina matsalar take? (Daga wata ɗaliba)

AMSA: Kayan ba su da yawa, ƙanwata: littafin aljihu da fensir, waya mai kyamara, gilashin ƙara girma mai ninki 10, ƙaramar rula, tocila, da kwalba mai haske wadda za a sa ƙwaro a ciki a duba a sake shi. Idan tsuntsaye za ki bi, madubin hangen nesa mai lamba 8x42 shi ne aka fi amfani da shi. Lamba 8 ita ce yawan kusantowa, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Wanda ya wuce ninki 10 yana rawa a hannu, filin da yake nunawa kuma ƙunci ne.

Kowane abu da kika rubuta yana buƙatar bayani huɗu: mene ne, a ina, yaushe, da wace shaida. Wanda ya rasa ɗaya daga ciki ba shi da amfani ga kowa bayan an gama gasa.

A iNaturalist, wadda ta faro a 2008, rahoto yana kaiwa matakin da ake amfani da shi a bincike idan yana da kwanan wata, wuri, hoto ko sauti, halittar ba ta kiwo ko shuka ba ce, kuma fiye da kashi biyu cikin uku na masu tantancewa, aƙalla mutum biyu, sun haɗu a kan nau'in. Irin wannan rahoto yana iya wucewa zuwa GBIF, rumbun bayanan halittu na duniya da ke da ofishi a Kwapanhagan, inda masu bincike ke ɗauka.

Abubuwan da ke sa rahoto ya maƙale sanannu ne. Na farko, barin gurbin suna fayau. Masu tantancewa suna tace rahotanni ne bisa fanninsu, mai tsirrai tsirrai yake nema, mai gizo-gizo gizo-gizo. Rahoton da ba suna ba ya zuwa gabansu. Ko da abin da kika sani kawai shi ne tsiro ne ko ƙwaro ne, ki saka haka. Na biyu, haɗa halittu daban-daban a rahoto ɗaya. Halitta ɗaya, rahoto ɗaya, amma da hotunanta da yawa. Na uku, kuma shi ne babba, hoton bai nuna sashen da ake dubawa ba. Tsiro yana son hoton dukkan jikinsa, saman ganye da ƙasansa, yadda ganyen ya jeru a kara, fure daga gaba da gefe, da 'ya'ya idan akwai. Naman kaza yana son sama, ƙarƙashin hular, da gindin karan har inda ya shiga ƙasa, tare da abin da ya tsiro a kai. Ƙwaro yana son baya, gefe da fuska. Dodon-koɗi, bakin bawonsa ake dubawa. Ki ajiye rula a gefe a ɗaya daga cikin hotunan.

Waya takan kama bango ta bar ƙwaron a dishi-dishi. Ki sa farar takarda a bayansa, ki danna allo a kansa har ta daidaita, ki ɗauka sau biyar ko shida, ki yanke hoton kafin ɗorawa. Ki kunna wa kyamara izinin sanin wuri. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto yana rasa bayanan wuri da lokacin da ke ɓoye a cikinsa, don haka a ɗora daga wayar da ta ɗauka.

Wani abu da muke roƙo: idan wani ya ba ki suna, kada ki danna amincewa don nuna godiya. Amincewarki ƙuri'a ce. Idan ya yi kuskure kika mara masa baya, kun zama biyu, kuskuren ya shiga rumbun bincike. Ki bari sai kin iya faɗin dalilin da ya sa sunan ya yi daidai.

Su tsuntsaye, manhajar eBird ta rubuta jerin tsuntsayen da aka gani ta fi dacewa da su, domin ba ta buƙatar hoto. Tana son a faɗi lokacin farawa, tsawon lokacin, nisan da aka taka, da ko an rubuta duk nau'in da aka gane. Jeri gajere da yawa ya fi dogo guda ɗaya. Kada tafiyar jeri ɗaya ta wuce kilomita 8, kuma in yanayin wuri ya sauya, a buɗe sabo.

TAMBAYA: A wata biyu na farko na samu nau'i 120. Yanzu sai in yi mako ban ƙara ko ɗaya ba. Sun ƙare ke nan? (Daga wani ma'aikacin ofis)

AMSA: Ba su ƙare ba, Malam. Haka kowane jeri yake tafiya: ya hau da gudu a farko domin masu yawa ake fara cin karo da su, sannan ya lafa. Idan ya lafa, yawanci abin da ya ƙare shi ne abin da hanyarka da sa'arka za su iya nunawa. Mai fita ƙarfe biyar na yamma kullum, a titi ɗaya, halittun ƙarfe biyar na wannan titin yake gani.

Ka fara da sauya lokaci. Tsuntsaye sun fi motsi da kuka a sa'o'i biyu zuwa uku na farko bayan ketowar alfijir. Malam-buɗe-littafi, ƙudan zuma da ƙadangaru sai hantsi ya dubi ludayi, jikinsu ya yi ɗumi. Jemagu da magariba. Kwaɗi da dodon-koɗi a daren da aka yi ruwa. Sauyin yanayi ma yana kawo sababbi, musamman makonnin farkon saukar ruwan sama da lokutan ƙaurar tsuntsaye, saboda haka jerin wata biyu bai ga komai ba tukuna daga abin da shekara ke ɗauke da shi.

Hanyar da ta fi kowace ƙara lamba ita ce farin zane da fitila. A cikin dangin malam-buɗe-littafi da aka sani a duniya, kusan tara cikin goma na dare ne. Ka rataya farin zane mai kimanin mita 2 a igiya ko a bango, ka sa fitila a gabansa da tazarar taƙi ɗaya ko biyu, ka shimfiɗa wani zanen a ƙasa don kada ka taka waɗanda suka faɗo. Fitila mai hasken UV (ultraviolet, hasken da idon mutum ba ya gani) ta fi jawo su, fara mai haske sosai tana biye, mai launin rawaya ba ta yin aiki sosai. Kada a ƙura wa ta UV ido. Ka kunna da faɗuwar rana, ka riƙa dubawa duk bayan minti 20 zuwa 30, na sa'a biyu ko uku. Daren da ya fi kyau shi ne mai ɗumi, marar iska, marar farin wata. Idan zanen ya kwana fayau, ka duba waɗannan ukun, ka kuma duba ko wata fitila mai ƙarfi a kusa tana janye su. In ka gama, ka kashe fitilar ka kakkaɓe zanen cikin ciyawa, in ba haka ba tsaka da tururuwa da tsuntsayen asuba za su cinye su. Ƙwaron da ya sauka a jikinka ka hure shi, kada ka murje, domin akwai masu ruwan da ke ƙona fata.

Sai tarkon kofi don masu yawo a ƙasa. A haƙa rami a binne kofin roba mai zurfin santimita 10 zuwa 12, bakinsa daidai da ƙasa. Idan bakin ya ɗara ƙasa ko da kaɗan, ƙananan ƙwari zagaye shi za su yi. A huda gindinsa da allura don ruwa ya tsiyaye, a zuba busasshen ganye kaɗan a ciki don su samu maɓoya, a ɗora faifan katako a kan duwatsu huɗu ya zama rumfa. A sa da yamma, a duba da sassafe. In ya daɗe, manyan ciki sun cinye ƙananan, rana kuma ta kashe sauran. Ranar da ba za a duba ba, a cire shi.

Idan kana son sanin kimanin abin da ya rage, akwai lissafin da wata masaniyar ƙididdiga ta Taiwan, Anne Chao, ta fitar a shekarun 1980. Ka ƙirga nau'o'in da ka gani a fita ɗaya tak, da waɗanda ka gani a fita biyu kacal. Ka ninka lambar farko da kanta, ka raba da ninki biyu na ta biyun. A ce cikin 120 ɗinka, 30 sau ɗaya ka gan su, 15 sau biyu. To 30 sau 30 ya ba da 900, a raba da 30, ya zama 30. Ke nan aƙalla wasu 30 suna nan ba ka ci karo da su ba. Mafi ƙarancin adadi ne wannan, kuma na hanyar da kake bi ne kawai. Da ka fara rataya zane, lissafin zai tashi. Wannan ma dalili ne na rubuta duk abin da aka gani a kowace fita, ba sababbi kaɗai ba.

TAMBAYA: Mun samu saɓani. Na rubuta jangwada da ƙadangare a matsayin biyu, aka ce ɗaya ne. Wani kuma ya rubuta kurciya sau uku. (Daga wani matashi)

AMSA: An yi maka gyara daidai, shi ma mai kurciya uku yana iya zama a kan gaskiya. Jangwada shi ne babban namiji, mai launin ƙasa-ƙasan da ke kusa da shi mace ce ko ƙarami. Haka namijin tsuntsaye da yawa masu saƙa sheƙa yake yin ado rawaya ko ja a lokacin hayayyafa, daga baya ya koma kamar macen. Tsutsa da malam-buɗe-littafin da za ta zama su ma ɗaya ne. Kurciya kuwa suna ɗaya ne a kan nau'o'i da dama. Akwai mai baƙin rabin zobe a bayan wuya, akwai mai ɗigo-ɗigo a ƙirji marar zobe, masu zoben ma sun rabu ta launin ido, girma da kuka.

Maganin shi ne a buɗe gurbin sunan kimiyya kusa da sunan da aka saba, kamar Corvus albus a gefen hankaka, a riƙa ƙirgawa da shi. Abin da ba a kai ga nau'insa ba a rubuta shi da sunan danginsa, kuma ana ƙirga shi ne kawai idan babu wani ɗan dangin nan a jerin. Masana sukan raba nau'i ɗaya biyu ko su haɗe biyu, eBird ma tana sabunta jerinta kowace shekara, don haka ku tsaya a kan jeri ɗaya har gasar ta ƙare.

TAMBAYA: Idan duk rahotannina daga gida suke fitowa, ai na nuna wa duniya inda nake kwana. Yaya zan yi? (Daga wata mai karatu)

AMSA: Damuwarki a kan hanya take, Malama. iNaturalist tana da zaɓin lulluɓe wuri. Idan kika zaɓe shi, jama'a ba za su ga ainihin wurin ba sai wani akwati mai kimanin kilomita 22 a kowane gefe. Akwai kuma zaɓin ɓoyewa gaba ɗaya, amma yana wahalar da masu tantancewa, domin sanin yanki yana cikin abin da suke aiki da shi. Lulluɓewa tana da illa ɗaya: akwatin ya fi da'irar gasar girma, don haka shafin da ke tattara rahotanni bisa iyakar wuri yana iya tsallake naki. Sai a tsara shafin bisa sunayen masu gasa. A eBird ki dasa alamar a mararraba mafi kusa, ki ba ta sunan da ba adireshi a ciki. Ki kuma duba bayan hotunan kafin ɗorawa: lambar gida, lambar mota, fuskar yara.

TAMBAYA: Ɗana ya shiga gasar, yanzu kullum yana ɗaga duwatsu yana leƙa sheƙa. Me zan hana shi, me zan bar shi? (Daga wani uba)

AMSA: Alhaji, ɗaga dutse ba laifi in an iya. Da sanda ko ƙugiya ake ɗagawa, ba da yatsu a ƙarƙashi ba. A kamo gefen da ke nesa a jawo shi wajen jiki, yadda dutsen zai zama garkuwa tsakanin yaro da kunama ko macijin da ke ƙasa. Ya sa takalmi rufaffe. In ya gama ya mayar da dutsen yadda yake, domin danshin ƙarƙashinsa ne rayuwar mazaunansa. Maciji daga nesa ake ɗaukar hotonsa, ba a bin sa, ba a tsokanarsa. Naman kaza da 'ya'yan itacen da ba a sani ba, ba a kai su baki.

Sheƙa kuwa ku hana shi. Uwar da aka kora ta bar ƙwai a rana ko a sanyi, yawan zirga-zirga kuma yana nuna wa kyanwa da hankaka hanya. Haka kunna wa tsuntsu kukan ɗan'uwansa a waya don ya fito: namijin yana ɗauka kishiya ce ta shigo masa, ya bar ciyar da 'ya'ya ya tafi faɗa. A gasar kusa da gida, inda tsuntsaye ɗaya ake komawa wa kullum, ya fi kyau a haramta shi. Gona ko gidan wani kuma sai da izini.

TAMBAYA: Ina son shirya wa ɗalibaina 'yan firamare gasar kwana ɗaya a harabar makaranta. Ta ina zan fara, kuma akwai ranakun da duniya ke yin irin wannan tare? (Daga wata malamar makaranta)

AMSA: Malama, ki raba su rukuni na mutum huɗu: mai nema biyu, mai rubutu, da mai riƙe kwalba da gilashi. Ki ba kowane rukuni yanki mai iyaka a bayyane, na minti 30 zuwa 45, sannan su yi musayar yankuna. Maki ya kasance na abin da aka zana ko aka ɗauki hotonsa aka siffanta, ba na sunan da aka ambata da baki ba, in ba haka ba za ki samu zaki a bayan aji. Yara 'yan ƙasa da shekara 13 ba sa buɗe asusun iNaturalist sai da izinin iyaye. Manhajar Seek, ta masu iNaturalist ɗin, ba ta buƙatar rajista, ko kuma ke ki tace hotunan ki ɗora masu kyau daga asusunki.

Idan za su ƙirga yawan tsuntsaye, ki koya musu rubuta adadi mafi yawa da suka gani a lokaci guda. Kurciya uku yanzu, biyar an jima, biyar za a rubuta, ba takwas ba. Da wannan doka ake ƙirgar tsuntsayen lambu ta sa'a ɗaya da ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ke shiryawa a Birtaniya tun 1979. Babban garke kuma a ƙirga goma, a auna sauran da girman goman nan.

Ranakun haɗin gwiwa akwai su. Ƙirgar tsuntsaye ta Great Backyard Bird Count, da aka fara a 1998, kwana huɗu ce a watan Fabrairu, kuma minti 15 ya isa a shiga. City Nature Challenge ta faro a 2016 tsakanin biranen Los Anjalis da San Faransisko, yanzu birane na nahiyoyi daban-daban suna shiga, ana yin ta kwana huɗu a ƙarshen Afrilu, a kan kowace irin halitta. Global Big Day, ranar ƙirgar tsuntsaye ta eBird, tana zuwa a watan Mayu, da takwararta a Oktoba. Ranakun suna motsawa kowace shekara, sai a duba kafin a sa rana. Mako guda kafin ranar, ki fita da su gwaji na minti 20 a kan bishiya ɗaya, don su koyi riƙe gilashin a kusa da ido su matso da abin, maimakon miƙa gilashin can nesa.